Cuta Ba Ƙwaya, Gardama Ba Hujja

Akwai irin mai karatun da nake ganewa tun kafin ya buɗe baki. Shi ne wanda in ka ce masa ruwa na jiƙa mutum zai ce a kawo shaidu biyu adilai, in an kawo su kuma ya tambayi asalin kakanninsu. To yau da ku nake, 'yan gardama. Ku gyara zama, ku ajiye kofin shayin kada ku ƙware, domin maganar da zan maimaita muku ta taɓa jawo mini dariya a teburin mai shayin unguwarmu, irin dariyar da sai da mai shayin ya zuba wa mutum ɗaya madara sau biyu bai sani ba.

Ga abin da na faɗa a daren. Na ce akwai cuta mai cin ƙwaƙwalwa, wadda kan iya tashi daga wannan jiki ta koma wancan, amma ba ta da ƙwayar cuta ko guda. Babu bakteriya, babu bairos, babu tsutsa. A tafasa abin da ke kawo ta, yana nan. A jiƙa shi a ruwan maganin da ake adana gawa, yana nan daram. Ba ya mutuwa, don dama bai taɓa rayuwa ba. Sai na ƙara da wadda ta tayar da ƙura: na ce kayan haɗa wannan abin suna cikin kan duk wanda ke zaune a bencin, kuma gadonsu ya yi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.

Mutum huɗu suka taso mini. Malamin sakandare mai koyar da ilimin halittu ya gyara tabarau ya ce, "Malam, duk abin da ke yaɗuwa sai ya hayayyafa, mai hayayyafa kuwa sai da DNA ko ɗan'uwansa RNA. Wannan ko ɗan aji uku ya sani." Alhaji mai kanti ya ce, "Sammu ne kawai, Bature ya rasa sunan da zai ba shi." Abokina mahauci ya ce shekara talatin yana fasa kan saniya da gatari, bai taɓa ganin komai a ciki ba sai ƙwaƙwalwa. Shi kuwa Bazazzagin cikinmu ko kallona bai yi ba, ya ce da jama'a, "Ku ƙyale shi, Bakano ne. In kun saurara yanzu zai ce yana sayar da maganin."

Na san kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yana da magada a cikinku. Bari in bi ku ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, shayin bai huce ba.

Malam Ticha, da kai zan fara, don gardamarka ta fi ta sauran tsada. Ka koya wa yara cewa mutum na da kromosom tagwaye 23. To a kan na 20 akwai wata ƙwayar gado da masana suka sa wa suna PRNP. Takardar umarni ce da jiki ke karantawa ya ƙera wani furotin mai suna PrP. Shi furotin kamar carbi yake, 'ya'ya ne jere a zare, ana ce musu amino asid, kuma na wannan guda 253 ne. Sai dai carbin ba ya aiki a miƙe, sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa. Yana zaune lafiya lau a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na jijiyoyi, a kanka, a kaina, a kan saniya, a kan akuya. Bincike ya nuna yana taimakawa wajen kula da rigar da ke lulluɓe jijiya, kamar robar da ke jikin wayar lantarki.

Yanzu ka tuna gidan biki. Yadi ɗaya aka yanka wa mata arba'in na anko, kowace ta ɗaura ɗankwalinta yadda aka saba. Sai ga wata ta shigo da sabon ɗauri, a karkace, ya tashi sama kamar zai kamo tashar rediyo. Ta kusa da ita ta saci kallo, ta zame ta shiga ɗaki, ta kwance nata ta yi irinsa. Ta uku ta gani ta bi sahu. Kafin a kai amarya rabin gidan ya karkace. Ticha, ɗankwali nawa aka haifa a gidan nan? Ko ɗaya. Ba a sake yadi ba, ba a ƙaro zare ba. Ɗaurin ne ya yaɗu.

Abin da ake kira firiyon ke nan. Furotin guda ya naɗu ba daidai ba, ya raɓi lafiyayyen maƙwabcinsa, ya tilasta masa naɗuwa irin tasa. Biyu su koma huɗu, huɗu su koma takwas. Inda suka bambanta da matan biki shi ne su ba sa kwancewa in an watse. Mannewa suke yi da juna su dunƙule, almakashin da jiki ke yanka tsofaffin furotin da shi ya kasa cin su. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su yi ta mutuwa, har in an yanki ƙwaƙwalwar an sa a madubin likita a gan ta da 'yan ramuka kamar soso. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kakanninmu sun daɗe da faɗin ƙa'idar, zuwa karɓar lambar yabo ne kawai ba su yi ba.

Kada ka ji kunya, Ticha, manya sun riga ka yin musun nan. Tun ƙarni na 18 makiyayan Ingila suka san wata cuta da ke sa tunkiya ta yi ta soshe jiki da shinge har gashinta ya zube, ta yi tangaɗi ta mutu. A 1936 wasu likitocin dabbobi biyu a Faransa suka nuna cewa in an ɗura wa lafiyayyar tunkiya abin da aka ciro daga mai cutar, tana kamuwa, amma sai bayan fiye da shekara. Kowa ya ce bairos ne mai nawa. A 1966 da 1967 wata masaniya haifaffiyar Afirka ta Kudu, Tikvah Alper, ta ɗauko abin a Landan ta haska masa irin hasken da ke ragargaza DNA. Ko gezau bai yi ba. A 1967 wani malamin lissafi, John Griffith, ya zana a takarda yadda furotin zai iya yaɗa siffarsa ba tare da DNA ba. Ba a kula shi sosai ba, wa ya aiki mai lissafi garken tumaki?

Sai 1972, a wani asibitin koyarwa na San Faransisko a Amurka, wata mata ta rasu a hannun wani matashin likita, Stanley Prusiner. Cutar da ta kashe ta ita ce Creutzfeldt-Jakob, a taƙaice CJD, mai ɗauke da sunan likitocin Jamus biyu da suka bayyana ta a 1920 da 1921. Abin ya tsaya masa a rai. Ya shafe shekaru yana niƙa ƙwaƙwalwar ɓerayen gwaji yana tacewa, yana neman bairos ɗin da aka ce yana ciki. Duk tacewar da ya yi furotin yake samu a ƙasan rariya. A 1982 ya fito ya faɗa, ya raɗa wa abin suna firiyon. Ya sha zolaya daga abokan aikinsa, wadda ta teburin shayinmu wasan yara ce a kanta.

A 1985 aka gano cewa ƙwayar gadon da ke ƙera furotin ɗin tana jikin lafiyayyun dabbobi, da jikin mutum ma. 'Yan musu suka ce shi ke nan, magana ta ƙare, ɗan gida ne, ya za a yi ya zama ɓarawo? Sun manta da ɗan gari akan ci gari. Wannan ne ma ya bayyana abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai: mai wannan cuta ba ya zazzaɓi, sojojin jikinsa ba sa tashi yaƙi. Mai gadi ba ya tare ɗan maigida a ƙofa.

Masu bincike a Zurik ta Siwizalan, ƙarƙashin Charles Weissmann, suka ga cacar baki ta isa, gara a tambayi ɓera. Suka samar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon gaba ɗaya, jikinsu ba ya ƙera furotin ɗin ko kaɗan. Ɓerayen suka girma suna harkokinsu. Aka ɗura musu cutar tumaki a ƙwaƙwalwa, su da ɓerayen da ba a taɓa ba. Cikin 'yan watanni na biyun suka mutu, na farkon kuwa suna ta cin abincinsu. An buga sakamakon a 1993. In kika shiga gidan bikin da ba mai ɗankwali, wa za ki koya wa ɗauri? A 1997 Prusiner ya karɓi lambar yabo ta Nobel shi kaɗai. Har a 2012 aka samu wasu awakin madara a ƙasar Nowe da Allah Ya halitta ba su da furotin ɗin, suna kiwo lafiya ƙalau. To Ticha, littafinka bai yi ƙarya ba, an dai ƙara masa shafi bayan ka gama makaranta.

Alhaji, kai kuma zo in kai ka inda aka yarda da maganarka fiye da yadda ka yarda da ita. A Papuwa Niyu Gini, arewa da Ostareliya, can cikin tsaunukan gabas, akwai wata ƙabila da ake kira Fore. A shekarun 1950 wata cuta ta addabe su, suna ce mata kuru, wato karkarwa. Mace ta fara tangaɗi, ta koma dogara sanda, ta kasa zama, ta kasa haɗiya, kusan shekara guda ta tafi. Mutum wajen 200 ke mutuwa a shekara, akasari mata da yara. Mutanen Fore ba su yi kokwanto ba, sammu ne. Bayaninsu ma zai yi maka kama da na gida: maƙiyi ya saci gashin mace, ko guntun tufarta, ko ragowar abincinta, ya ƙunshe a ganye ya binne a taɓo, yadda ƙunshin ke ruɓewa haka take lalacewa. Aka yi ta taron tuhuma, aka yi ta kashe mazajen da ake zargi. Cutar ba ta fasa ba.

Ban ce babu sihiri a duniya ba, Alhaji, wannan fagen malamai ne, ni kuwa ko izu biyar ban haɗa ba. Tambayata ɗaya ce: wane irin sammu ne ake zuƙa a sirinji? A 1957 likitoci biyu, Vincent Zigas da Carleton Gajdusek, suka bayyana wa duniya cutar. A 1959 wani likitan dabbobi Ba'amurke, William Hadlow, ya ga hotunan ƙwaƙwalwar masu kuru a Landan, ya ce wannan sak ta tumakin da yake bincike, a gwada a jikin birai. A 1963 aka ɗura wa manyan biran nan da ake kira cimfanzi, can a Amurka. A 1965 suka fara karkarwa da tangaɗi. Wa ya saci gashin biri ya binne a taɓo? Gajdusek ya samu Nobel a 1976.

Waɗanda suka gano hanyar da cutar ke bi ba masu allura ba ne ma, masu zama da mutane ne. Shirley Lindenbaum da Robert Glasse, masana al'adu, sun zauna cikin Fore a farkon shekarun 1960, suna sauraro. Al'adar garin a da ita ce in mutum ya mutu danginsa su ci gawarsa, kuma a ganinsu ƙauna ce da girmamawa, sun fi son mamacinsu ya zauna a jikinsu da ya zama abincin tsutsa. Mata ke gyara gawar, su da ƙananan yara ke cin ƙwaƙwalwar, manyan maza galibi suna gefe. Ka ga dalilin da ya sa cutar ta zaɓi mata da yara. Da aka daina al'adar wajajen 1960, yaran da aka haifa bayan nan ba su kamu ba, alhali matsafan garin ba su yi ritaya ba. Amma waɗanda suka riga suka ci, ta ci gaba da ɗaukarsu ɗaiɗai, wasu bayan shekara fiye da 50. Mutum sama da 2,700 aka ƙirga ta kashe. Ka ji bashin da ba ya ruɓewa.

Sarkin Fawa, ajiye gatarin mu gana. Ka ce ba ka taɓa ganin komai ba. Gaskiyarka, ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna furotin ɗin kansa, ɓarnarsa kawai yake nunawa. Abokan sana'arka na Birtaniya ma ba su ga komai ba. Can aka ga dabara ce a tattara ragowar yanka, ƙashi da kayan ciki da kawunan tumaki da shanu, a dafa a niƙa, a zuba garin cikin abincin shanu don su ƙara madara. Saniya, mai cin ciyawa tun ranar da aka halicce ta, aka mai da ita mai cin 'yar'uwarta. Ka gaya wa Bafulatani wannan ka ga yadda zai riƙe baki. A Nuwamban 1986 aka tabbatar da sabuwar cuta, wadda duniya ta sani da haukan shanu. A 1988 aka hana ba su garin, amma aikin gama ya gama. A 1992 kaɗai aka ga cutar a jikin shanu wajen 37,000. Jimilla aka tabbatar da sama da 180,000, aka hallaka kimanin miliyan 4.4 don a tsayar da ita.

Su ma suna da nasu sarkin gardamar. A watan Mayun 1990 ministan noma, John Gummer, ya tsaya gaban 'yan jarida ya miƙa wa 'yarsa mai shekara huɗu burodi da naman sa a ciki, don ya nuna wa duniya ba komai. Ranar 20 ga Maris 1996 ministan lafiya, Stephen Dorrell, ya tashi a majalisa ya ce an ga wani sabon nau'in CJD a jikin matasa goma, kuma naman shanun ake zargi. Cikin mako guda Tarayyar Turai ta hana fitar da naman Birtaniya. Mutum 178 cutar ta kashe a ƙasar, yawancinsu matasa. Kuma kada ka ce mini wuta na kashe komai. Dahuwa ba ta kashe shi, gashi ba ya kashe shi. Asibitocin da ke tsoronsa sai sun jiƙa ƙarafan tiyata a ruwan soda irin ta masu sabulu, su turara su a zafin digiri 134, wani lokaci ma su ƙone su kawai su huta.

Na ga ka fara murmushi, za ka ce wannan ta Turawa ce. To matso kusa. A 2018 masu bincike suka ba da rahoton irin wannan cuta a jikin raƙuma a mayankar garin Wargala ta Aljeriya. Cikin raƙuman da aka kawo yanka a 2015 da 2016, kimanin kashi 3 cikin 100 sun zo da alamun: rama, rawar jiki, tangaɗi, faɗuwa. Aka duba ƙwaƙwalwar uku daga ciki aka tabbatar. Bayan nan aka gan ta a Tunisiya. Ba a samu shaidar ta taɓa kama mutum ba, kamar yadda ta tumaki ma ɗaruruwan shekaru ba a same ta ta tsallako kan ɗan'adam ba. Amma Aljeriya da Nijar iyaka ɗaya suka haɗa, raƙumi kuwa ba ya neman biza. Ni da kai mun san abin da ake yi in dabba ta fara tangaɗi a kara: maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Abin da nake roƙo ɗan kaɗan ne, irin wannan dabbar a kira likitan dabbobi ya gani, kanta kuma kada ya shiga tukunyar kowa.

Don kada ka ce na ɗora wa nama laifin duniya, ga wadda za ta faranta maka. A 1974 aka lura CJD ta yi yawa ƙwarai cikin Yahudawan da suka yi ƙaura daga Libiya zuwa Isra'ila, ninkin-ba-ninkin na sauran jama'a. Masana suka ce ai dole, mutanen nan suna cin idon tunkiya da ƙwaƙwalwarta. Shekaru ana zargin tunkiya. Sai farkon shekarun 1990 aka duba ƙwayar gadon PRNP a jikinsu, aka tarar ɗan carbi na 200 ne ya canja, suna gadonsa kaka da kakanni. Tunkiya ta fita ba laifi, kuma har yau ba wanda ya je ya ba ta haƙuri.

Saura kai, na Zazzau. Ka ce zan ce ina sayar da magani. Ina ma ina da shi, da ko kai na ba ka bashi. Ka san AA da AS da SS, tunda yanzu a wurare da dama sai an kawo takardar gwaji ake ɗaura aure. Sikila ɗin nan da ke kwantar da yara, ɗan carbi ɗaya ne tak ya canja, na shida a zaren furotin ɗin jini. To PRNP ma tana da irin nata haruffan. A gurbi na 129 mutum kan gaji M ko V daga kowane ɓangare, ya zama MM, ko MV, ko VV. Duk lafiyayyu ne. Amma kusan duk waɗanda haukan shanu ya kashe a Birtaniya MM ne. Tukunya ɗaya aka ci, gado ya raba hukunci.

Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne. Akwai wani gida a yankin Beneto na arewacin Italiya da ɓarawon nan ke daina shiga. Tun kakanni, mutum ya kai shekara hamsin ko kusa, sai barci ya fara ƙaurace masa. Gumi, bugun zuciya, ya rufe ido amma barcin ba ya zuwa, ƙwayar barci ba ta yi masa komai. Ya yi ta ramewa yana mafarki ido biyu, cikin shekara ɗaya zuwa biyu ya rasu. Likita Elio Lugaresi na Bolonya da abokan aikinsa suka bayyana cutar a 1986, a 1992 aka gano ɗan carbi na 178 ne ya canja. Duk ɗan da mai ita ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Ga abin mamakin: in canjin na 178 ya zo tare da M a gurbi na 129, rashin barcin ne. In ya zo tare da V, sai ya fito a CJD. Kuskure ɗaya, maƙwabci ya bambanta, cuta ta bambanta.

Gadon da ke kashewa kuma shi ke ceto. Yadda mai AS ya fi mai AA jure zazzaɓin cizon sauro, haka a 2009 aka gano wasu daga mutanen Fore, a ƙauyukan da kuru ta fi yi wa ɓarna, suna da canji a gurbi na 127 wanda ya kare su. A 2015 aka sa wa ɓeraye irin wannan furotin kaɗai, aka ɗura musu cutar iri-iri, ba ta kama su ba. Ɗankwalin da ya ƙi karkacewa ke nan.

Maganin kuwa har yau babu, amma akwai masu nema da gaske. A da Sonia Vallabh lauya ce a Amurka. Mahaifiyarta ta rasu a 2010 da wannan cuta, a 2011 gwaji ya nuna ita ma ta gaji canjin nan na 178. Ita da mijinta Eric Minikel suka ajiye sana'o'insu, suka koma aji suka fara ilimin halittu daga tushe, suka yi digirin digirgir a Harvard a 2019, yanzu suna da ɗakin bincikensu a cibiyar Broad. Dabararsu daga ɓerayen Zurik ta fito: tunda ana rayuwa ba furotin ɗin, a rage shi a ƙwaƙwalwa kafin ya karkace. An riga an fara gwada wani magani mai wannan aiki a jikin marasa lafiya. Ka ga wadda aka gaya wa mugun labari ba ta tsaya cewa Bakano ne ya faɗa ba.

Za ku ce to mu ina ruwanmu. CJD ba ta da yawa, mutum ɗaya zuwa biyu cikin miliyan take kamawa a shekara, a ko'ina aka ƙirga. Kimanin kashi 85 cikin 100 haka kawai take tasowa, ba nama ba gado, furotin guda ne ya yi tuntuɓe. Kashi 10 zuwa 15 gado ne, ragowar 'yan kaɗan ne suka ɗauka daga waje. Ticha, ɗauko alli: in lissafin nan ya hau kan ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ɗari biyu zuwa huɗu ke nan duk shekara. Dattijon da yake lafiya da ƙaramar salla, kafin babba ya manta sunan 'ya'yansa, yana zabura yana tangaɗi, wane suna muke ba abin da ya same shi? Aljanu, ko sammu, ko a fara kallon kishiya. Da yawa daga masu irin wannan ruɗewar ta farat ɗaya ma wata cutar ce daban mai jin magani ke damunsu, in an kai su asibiti da wuri. Shi kansa gigin tsufa da muke ɗauka dole ne, sau da yawa cutar Alzheimer ce, inda wasu furotin biyu, amiloid da tau, ke karkacewa su dunƙule. A cutar Parkinson mai sa rawar hannu ma wani furotin ne ke yin haka. Darasin tumaki da na Fore shi ya buɗe wa masana ido suka fara bin sawun yadda waɗannan ke yaɗuwa daga lungu zuwa lungu a cikin ƙwaƙwalwa ɗaya.

Duk surutun nan mai shayi bai ce uffan ba, sai da na kai nan ya ɗaga kofi ya ce, "To Malam, in fara wanke su da soda ke nan?" Na ce a'a, sabulunka ya isa. Ba a ɗaukar waɗannan cututtuka a kofi, ko a musabaha, ko a tari, ko a jinya. Mai tsoho a gida ya ci abinci da shi a kwano ɗaya, ya yi masa wanka, ya zauna kusa da shi. A gaskiya tambayarsa ta fi ta mutum huɗun nan amfani, don shi kaɗai ya tambayi abin da zai yi da hannunsa.

Ku kuma 'yan gardama, ban ce ku daina ba. Da ba a yi wa Prusiner musu ba, da ba a ƙera ɓerayen Zurik ba, da har yau zance ne kawai. Sai dai musun da ya amfani duniya tashi ya yi daga benci ya tafi ɗakin gwaji. Saboda haka na kafa doka a teburinmu: duk wanda zai ƙaryata ni, ya zo da ɓeransa.

Ticha ya ce zai duba littafi. Alhaji ya ce Allah Shi ne masani, muka ce haka ne. Sarkin Fawa ya tambaye ni ko sunan garin raƙuman Wargala ne ko Wagadugu. Bazazzagi ya shanye shayinsa, ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce ya ji ya yarda, amma in ɓeran na Kano ne sai an fara bincikar shi tukuna. Ya tafi ya bar ni da biyan kuɗin shayin.